Antonio Torres: Kafintan Da Ya Gyara Wa Duniya Jita, Ya Mutu Da Bashi A Wuya

 A yau za mu tsallaka teku zuwa ƙasar Sifen domin kawo muku tarihin wani kafinta mai suna Antonio de Torres Jurado, wanda ya mutu tun a shekarar 1892, amma har gobe duk wanda zai haɗa jita da hannu, irin wadda ba ta buƙatar lantarki kuma ake ɗaura mata tsarkiya mai laushi, to ma'auninsa yake bi.

Wataƙila wani ya ce ina ruwan mai auna gero ko mai sayar da kwanuka da mai haɗa jita? To ai shi ma wannan mutumin ɗan kasuwa ne, domin ya shafe shekaru yana zaune a kantin tangaran, ya san ciwon bashi, ya kuma san yadda kasuwa ke juya wa mutum baya. Tarihinsa na nuna mana inda darajar kaya take, da kuma yadda mai sana'ar hannu kan rasa ladan gwanintarsa tun yana raye.

Haihuwarsa da ƙuruciyarsa

An haifi Torres a ranar 13 ga watan Yuni na shekarar 1817 a wani ƙauye da ake kira La Kanyada, daf da birnin Almeriya da ke bakin teku a kudancin Sifen. Wannan yanki shi ne Andalus da malamanmu ke ambata a tarihin Musulunci, kuma Almeriya na cikin wurare mafi ƙarancin ruwan sama a duk faɗin Turai. Mahaifinsa, Juan Torres, mai karɓar haraji ne. Yana da shekara 12 aka sa shi koyon kafinta, kuma a garin Bera da ke cikin lardin ya ƙware har ya tsaya da ƙafarsa.

A shekarar 1833 yaƙin basasa ya ɓarke a Sifen a kan gadon sarauta, bayan mutuwar Sarki Ferdinand na Bakwai, inda wasu suka goyi bayan 'yarsa Isabella, wasu kuma ƙanensa Carlos. An ɗebi Torres aikin soja, amma mahaifinsa ya yi ta fafutuka har aka sallame shi bisa dalilin rashin lafiya. Da yake a lokacin marasa iyali ake ɗiba, sai aka gaggauta yi masa aure a 1835 da wata yarinya mai suna Juana Maria Lopez, ɗiyar wani mai kanti.

Auren bai zo da sauƙi ba. Sun haifi 'ya'ya mata uku, biyu suka rasu tun suna ƙanana, sannan ita ma matar ciwon tarin fuka ya kashe ta a 1845 tana da shekara 23. A duk waɗannan shekaru Torres na fama da bashi, aikin kafinta bai riƙe shi ba, har ya ɗan taɓa harkar hannun jarin ma'adinan azurfa da aka gano a duwatsun yankin. Marubuta tarihinsa da dama sun ce a wajen 1842 ne ya je birnin Garanada, wurin wani mai haɗa jita mai suna Jose Pernas, inda ya fara sanin kan wannan aiki.

Zamansa a Sebiya

Bayan mutuwar matarsa sai ya koma birnin Sebiya, wanda littattafan Larabci suka sani da Ishbiliya. A can ne ya haɗu da wani matashin makaɗin jita ɗan lardinsu mai suna Julian Arcas, wanda ya ga aikin hannunsa ya ba shi shawarar ya bar sauran ayyukan katako ya riƙi haɗa jita a matsayin sana'a. Torres ya karɓi shawarar a farkon shekarun 1850, lokacin ya haura shekara 30 da haihuwa.

Jitocin wancan zamani ƙanana ne, masu tsukakken ciki, muryarsu ba ta wuce cikin ɗaki. Ga shi kuma fiyano ya shigo da ƙarfinsa ya mamaye manyan zaurukan kiɗa, har ana ganin jita ta zama kayan mashaya da bakin titi. Abin da makaɗa irin su Arcas ke nema shi ne jitar da za a kaɗa a babban zaure, na can baya ya ji. Wannan buƙata ce Torres ya zauna ya yi wa magani. A 1856 ya haɗa wata jita da ta yi suna ƙwarai, wadda saboda ƙarfin muryarta ake kiranta La Leona, wato Zakanya, sannan a 1858 ya sami lambar yabo ta tagulla a bajekolin da aka yi a Sebiya.

Kayan aikinsa da yadda yake haɗawa

Domin mu fahimci abin da ya yi, bari mu ɗauki gurmi da muka sani. Gurmi ƙoƙo ne, da fata da aka ɗame a bakinsa, da sanda, da tsarkiya, da ɗan jakin da tsarkiya ke hawa. Idan aka taɓa tsarkiya, jaki ne ke kai motsin ga fata, fata ta girgiza, ƙoƙo ya tara amon ya fitar. Jita ma haka take, sai dai a maimakon fata, siririn katako ne a fuskarta.

Torres ya gane cewa wannan fuska ita ce ran jita. Katakon da yake yinta da shi wani farin itace ne mara nauyi da masu sana'ar a Sifen ke kira abeto, wanda ke fitowa a duwatsun Turai masu sanyi. Ana son wanda ya daɗe da bushewa, mai miƙaƙƙen zane. Ya faɗaɗa fuskar fiye da ta magabatansa, ya kankare ta har kaurinta a tsakiya bai wuce milimita biyu da rabi ba, a gefe kuma ta fi haka siranta. Sannan ya ɗan tanƙwara ta, ta yi ɗan tudu kamar bayan faifai, domin abu mai ɗan doro ya fi shimfiɗaɗɗe jure nauyi.

To amma katako mai wannan siranta ba zai iya jure jan tsarkiya shida shi kaɗai ba, jan da a irin wannan jita kan kai wajen kilo 40. Saboda haka ta ciki yakan manna wasu siraran sanduna guda bakwai, a baje kamar yatsun hannu idan an buɗe su, da wasu biyu a ƙasa da ke tare bakinsu. Aikinsu shi ne na azara a rufin soro, su riƙe ba tare da sun danne ba. Ba shi ya ƙago wannan dabara ba, masu haɗa jita a birnin Kadis irin su iyalan Pages sun riga shi, amma shi ne ya daidaita adadinsu da tsarinsu da faɗin fuskar har abin ya zauna. Haka kuma tsawon tsarkiya na santimita 65 da ya fi amfani da shi a manyan jitocinsa, shi ne ya zama ma'aunin da ake bi har yau.

Baya da gefen jita kuwa yakan yi su da abin da aljihun mai saye zai iya. Mai hali a yi masa da palosanto, wani baƙin katako mai nauyi da ake kawowa daga Birazil, wanda a wajenmu madobiya ce ta fi kama da shi. Mai ƙaramin ƙarfi a yi masa da sifires, itacen da ke fitowa a Sifen ɗin, mai araha. Wuyan jitar ana yinsa da sedaro, itace mai ƙamshi daga nahiyar Amurka, wanda dangin maɗaci ne da dogon yaro. Allon da yatsu ke dannawa kuwa ana son katako mai tauri sosai, irin baƙin itacen nan ɗan'uwan kanya.

Kayan aikin ba su wuce na kowane kafintan wancan lokaci ba, wato zarto, da wuƙa, da magagari, da ƙarafan fere katako da na kankara. Babu inji ko ɗaya. Katakon gefe, wanda kaurinsa wajen milimita ɗaya ne, jiƙa shi ake yi a ɗora a kan ƙarfe mai zafi ana lanƙwasawa a hankali har ya ɗauki siffar ƙugun jita. Gam ɗin da ake mannawa da shi daga fata da ƙashin dabbobi ake dafa shi, a shafa da zafinsa, kuma alherinsa shi ne idan gyara ya taso ana iya sa ɗumi da danshi a ɓamɓare ba tare da an fasa katakon ba. Ana kifa fuskar a kan wani allon aiki mai ɗan kwarmi, a kafa wuya, a zura katakon gefe cikin tsagar da aka yi a gindin wuyan, a bi da ƙananan gutsattsarin katako ana mannawa ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe a rufe baya a ɗaure da igiya har gam ya kama. Tsarkiya uku na hanjin tumaki ne, uku kuma zaren siliki ne da aka naɗe da siririyar waya. Tsarkiyar roba da ake gani yanzu sai bayan yaƙin duniya na biyu ta fito.

Wani abin mamaki shi ne, masanan da suka buɗe jitocinsa sun tarar ba kullum yake samun katako mai kyan gani ba. Akwai wanda ke da gaɓa, akwai wanda ɓari biyun fuskar ba daga itace ɗaya suka fito ba, akwai ma wanda daga tsofaffin kayan ɗaki aka ciro shi, har da gurbin ƙusa da ya toshe. Shi dai abin da yake dubawa shi ne bushewar katako da yadda yake amsawa a hannu.

Jitar kwali

A shekarar 1862 Torres ya yi wani abu da har yau ake ba da labarinsa. Ya haɗa jita da fuskar abeto mai kyau, amma baya da gefenta ya yi su da kwali. Da aka kaɗa sai ga murya mai daɗi ta fito. Da wannan ya nuna a aikace cewa katako mai tsada da ake ƙawata bayan jita da shi ba shi ne tushen amo ba. Wannan jita tana nan ajiye a gidan tarihin kayan kiɗa na birnin Basalona.

Mu a ƙasar Hausa wannan ba baƙon abu ba ne. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi ya zagaya duniya, kuma kuntigi gwangwanin kifi ne da fata da tsarkiya ɗaya. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Haɗuwarsa da Tarrega

A 1868 Torres ya sake aure, ya auri Josefa Martin Rosada. A daidai wannan lokaci ne wani saurayi mai kimanin shekara 17, Francisco Tarrega, ya zo Sebiya tare da wani attajiri da ke ɗaukar nauyinsa, suna neman jita irin ta Arcas. An ruwaito cewa da farko Torres wata matsakaiciya ya miƙa masa, amma da ya ji yadda yaron ke kaɗawa sai ya shiga ciki ya ɗauko wadda ya haɗa wa kansa a 1864 ya ba shi. Tarrega ya riƙe wannan jita shekaru masu yawa, kuma shi ne daga baya ya zama uban makaɗan jita na zamani, almajiransa suka yaɗa salonsa a duniya. Wasu daga cikinsu da jitar Torres suke kaɗawa.

Daga ɗakin aiki zuwa kantin tangaran

Duk da wannan suna, sana'ar ba ta ciyar da shi ba. Tattalin arzikin Sifen ya shiga wani hali a ƙarshen shekarun 1860, aka kuma yi juyin juya halin da ya kori Sarauniya Isabella daga mulki a 1868. Kowane ɗan kasuwa ya san cewa idan hatsi ya yi tsada, kayan marmari ake fara bari. Jita ɗaya tana cin makonni ana aikinta, masu saye kuma yawancinsu talakawan makaɗa ne. A wajen 1870 Torres ya rufe ɗakin aikinsa, ya koma Almeriya ya buɗe kantin sayar da tangaran da kayan gilas. Mutumin da babu kamarsa a sana'arsa a duk ƙasar, sai ga shi yana cinikin faranti da kofuna.

Bayan kamar shekara biyar, a 1875, ya koma haɗa jita jefi-jefi yana kuma kula da kanti. Daga wannan lokaci ne ya fara sa wa kowace jita lamba a takardar da yake mannawa a cikinta. Matarsa ta biyu ta rasu a 1883, ta bar shi da 'ya'ya mata ƙanana, shi kuma ya doshi shekara 70. Dole ta sa ya ƙara ƙaimi, har yana haɗa wajen jita 12 a shekara. Lambobin wannan zango na biyu sun kai 155.

Tsufa da maganar sirri

A ƙarshen rayuwarsa hannunsa ya riƙa rawa, har wasu ayyuka masu buƙatar natsuwa suka gagare shi. Wani matashin limamin coci na ƙauyensu, Juan Martinez Sirvent, shi ya riƙa zuwa yana kama masa. Wannan limami ne ya rubuta a wata wasiƙa, shekaru da dama bayan haka, cewa an taɓa roƙon Torres a wurin wata walima da kada ya tafi kabari da sirrin aikinsa. Amsar da ya bayar ita ce ba shi da wani sirri da zai iya bar wa kowa, domin abin yana kan babban yatsansa da manuninsa, su ne idan ya murza katako suke gaya masa ko ya kai ko da saura.

Duk mai sana'a zai gane wannan magana. Mai sayar da atamfa da ta murza zane ta san na ƙwarai, mai awon gero da ya damƙa ya san na bana da na bara, dillalin dabbobi kuwa da ya taɓa gadon bayan rago ya san ko ya yi kitse. Irin wannan sani ba a rubuta shi a takarda, sai an zauna kusa da mai shi shekara da shekaru.

Torres ya mutu ranar 19 ga watan Nuwamba na 1892 yana da shekara 75. Abin da ya bari bai isa biyan bashin da ake binsa ba.

Bayan mutuwarsa

Sai da ƙasa ta rufe idonsa kasuwa ta san darajarsa. Masu haɗa jita a Madrid, irin su Manuel Ramirez, suka ɗauki tsarinsa. A Jamus, Hermann Hauser ya yi nazarin jitar Torres ta 1859 da makaɗi Miguel Llobet ke riƙe da ita, kuma a kan wannan tafarki ya haɗa wa shahararren makaɗin nan Andres Segovia jitar 1937 da ya yi shekaru 25 yana yawon duniya da ita. Sunan Torres ya yi tsadar da har 'yan damfara suka riƙa buga takardar sunansa ta jabu suna mannawa a cikin jitocin da ba shi ya haɗa ba. A 1987 wani mai haɗa jita, Jose Luis Romanillos, ya fitar da littafi a kan rayuwarsa bayan ya bi jitocinsa ɗaya-ɗaya yana aunawa, inda ya ƙiyasta cewa duk abin da ya haɗa wajen 320 ne. A 2013 birnin Almeriya ya buɗe gidan tarihin jita da sunansa. Ita kuwa jita mai tsarkiyar ƙarfe da matasanmu suka fi riƙewa, hanyarta daban ce, ta biyo tsarin kamfanin Martin na Amurka ne, inda ake gicciya sandunan ciki domin su jure jan waya.

Abin da ya shafe mu

Torres ya yi sa'a guda, kayansa na katako ne masu daɗewa, shi ya sa aka samu abin aunawa bayan ransa. Namu kayan kiɗan na ƙoƙo ne da fata, ba su da wannan tsawon rai, saboda haka idan mai haɗa gurmi ko garaya ko molo ya mutu bai koya wa kowa ba, shi ke nan an rufe littafi. Mun ga misali a nan kusa da mu. Marigayi Malam Maman Barka, ɗan Taskar da ke arewa da Gure, malamin makaranta ne da ya yi suna da gurmi. A 2002, da tallafin hukumar UNESCO, ya tafi yankin tafkin Chadi wurin wani dattijo, Bukar Tar, domin koyon biram, abin kiɗan Buduma mai tsarkiya biyar da siffar kwalekwale, a lokacin da ake fargabar zai ɓace. Da bai je ba, da dattijon ya tafi da saninsa. Shi ma Malam Barka ya rasu a 2018.

Saboda haka muna kira ga 'yan kasuwarmu, idan masassaƙi ya kawo turmi, ko baduku ya kawo takalmi, ko maƙeri ya kawo hauya, kada mu tsaya lissafin kuɗin itace da fata da ƙarfe kaɗai muna taya masa tayin wulaƙanci. Akwai shekarun da ya kashe kafin hannunsa ya faɗa, su ma kuɗi ne. Idan sana'ar ba ta ciyar da shi ba, ɗansa ba zai gaje shi ba, mu kuma mu koma sayen kayan roba da ke fashewa kafin shekara ta zagayo. Su kuma masu sana'a, a jawo yara a jiki tun hannu bai fara rawa ba, a kuma riƙa rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, domin gwaninta kaɗai ba ta biyan bashi, kamar yadda muka gani a rayuwar wannan kafinta.

A nan za mu dakata, sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, amin.